Takardar da Ke Ciro Gwaninta Daga Hannun Gwani

A shekarar 1940, Amurka tana shirin Yaƙin Duniya na Biyu tun kafin ta tsunduma cikinsa, masana'antunta suka ci karo da matsalar da kuɗi ba ya maganinta. Ana bukatar gilasan hangen nesa da na saita manyan bindigogi, amma yawan masu iya goge irin wannan gilashi bai taka kara ya karya ba. Abin da kowa ya yarda da shi a lokacin shi ne, sai mutum ya shekara biyar a gaban gwani kafin hannunsa ya faɗa. Yaƙi kuwa ba ya jiran kowa shekara biyar.

A wannan shekarar ce gwamnati ta kafa wata hukuma da aka fi sani da TWI, wadda aikinta shi ne horar da ma'aikata a bakin aikinsu. Ta aro mutane daga manyan kamfanoni, cikinsu har da Channing Dooley na kamfanin mai na Socony-Vacuum da Walter Dietz na Western Electric. Mutanen hukumar suka zauna kusa da gwanayen gilashi suna kallo suna rubutawa, sai suka ga cewa yawancin aikin kowa zai iya shi cikin ɗan lokaci. Wurare kaɗan ne ke da wuya, kuma a nan gwanintar take ɓoye. Da suka rarrabe aikin suka zaƙulo waɗannan wuraren, lokacin koyo ya sauko daga shekaru zuwa 'yan watanni.

Abin da ya fito daga wannan bincike takarda ce guda, kuma ita ce ke burge ni. Ana raba ta gida biyu. A hagu a rubuta manyan matakan aikin, wato duk inda aikin ya ci gaba da gaske. A dama kuma a rubuta laƙanin kowane mataki. Daga baya aka ƙara gida na uku domin dalili. Ba kowane bayani ne ke shiga gidan laƙani ba, sai wanda ya amsa ɗaya daga cikin tambayoyi uku: ko zai iya gyara aikin ko ya ɓata shi, ko zai iya ji wa ma'aikaci rauni, ko kuwa yana sauƙaƙa aikin. Duk abin da ya faɗi wannan jarrabawa waje yake, kome daɗinsa a baki.

A ɗauki mayar da tayar mota, aikin da kowane mai faci ke yi kullum. Matakin shi ne “ɗaura notuna”. Laƙaninsa biyu: a fara da hannu kafin sifana, kuma a riƙa tsallakawa zuwa notin da ke fuskantar wanda aka ɗaura maimakon bi a jere. Dalili: in sifana ta fara, noti na iya hawa a karkace ya cinye haƙoransa, in aka bi a jere, taya ba za ta zauna daidai ba. Shi ke nan. Kalmomin ba su cika layi uku ba, amma yaron da ya kama su ya tsallake kuskuren da wani zai shekara yana yi ana yi masa tsawa.

Kada ƙanƙantar takardar ta sa a raina wahalar rubuta ta. Ba a rubuta ta a ofis. Mai rubutu yakan ɗauki kayan aiki ya yi abin da hannunsa, ko ya tsaya a kafaɗar mai yi, yana tsayar da shi a kowane motsi. Nan ne aikin yake, domin gwani bai san rabin abin da ya sani ba. Ka tambaye shi me ya sa ya ɗan karkatar da wuyan hannu a nan, sai ya ce da kai, “Ai haka ake yi.” Ba rowa yake yi ba, abin ya daɗe da barin kansa ya koma yatsunsa. Marubucin da ya iya aikinsa ba ya tsayawa a nan. Sai ya ce, “To maigida, in na yi shi a miƙe fa, me zai faru?” Ko ma ya yi shi ba daidai ba da gangan, ya jira gwani ya zabura ya ce, “A'a, zai tsage!” Wannan zaburar ita ce laƙanin, kuma ita yake nema tun safe.

Bayan ya samo, sai taƙaitawa. Kowane laƙani kalma uku ko huɗu, irin waɗanda ma'aikata ke faɗa a bakin inji, domin takardar ta mai koyarwa ce. Ba a miƙa wa ɗan koyo ita a ce ya je ya karanta. Tunatarwa ce ga mai koyarwa don kada ya manta abin da ya kamata ya faɗa, kada kuma ya jibga wa sabon shiga abin da ya fi ƙarfinsa a rana ɗaya. Mai rubuta wa shugabanni rahoto ko jawabi ya san wannan jarabar ta nuna duk abin da ka sani. A nan an toshe mata ƙofa.

Yadda TWI ta nuna wa masu kula da ma'aikata amfanin abin ma gwaninta ce. Ana tara mutum goma, a yi zama biyar, kowanne awa biyu. A zaman farko mai horarwa yakan ɗauko wayar lantarki mai harshe biyu ya bayyana da baki kawai yadda ake wani ƙulli da masu aikin wuta ke yi, sannan ya ce wani ya gwada. Ba ya iyawa. Sai ya ƙulla a gabansa bai ce uffan ba. Nan ma abin ya gagara, domin wanda ke fuskantarka yana ganin aikin a juye, damarka ce hagunsa. Sai a karo na uku ya tsayar da shi a gefensa, ya yi yana faɗar matakai, ya maimaita yana jaddada laƙanai, sannan ya miƙa masa wayar. Ɗan koyo ya yi, ya sake yi yana faɗar abin da yake yi da bakinsa, har mai koyarwa ya tabbata ya sani. Tsarin matakai huɗu ne da suka gada daga Charles Allen, wanda ya horar da maƙeran jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya: a shirya ɗan koyo, a nuna masa, ya gwada, a ci gaba da leƙa shi har ya tsaya da ƙafarsa. Duka an buga su a ɗan kati mai shiga aljihu, tare da ƙa'idar da ta ɗora laifin rashin koyo a kan mai koyarwa.

Wannan ƙa'ida ita ce ta mayar da takardar darasin shugabanci. Mai kula da ma'aikata da ya saba cewa “yaron nan ba ya ganewa” dole ya koma ga takardarsa ya duba wane laƙani ya tsallake. A masana'antun da mata da 'yan ƙauye da ba su taɓa riƙe kayan aiki ba suka maye gurbin waɗanda suka tafi fagen fama, wannan ba ƙaramin adalci ba ne.

Kafin a rufe hukumar a 1945, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi sun karɓi shaidar horonta a masana'antu sama da 16,000. Bayan yaƙi Amurkawa suka yi watsi da tsarin. Japan ce ta ɗauke shi a zamanin da sojojin Amurka ke riƙe da ita, kuma Toyota ta shigar da shi cikin horon ma'aikatanta tun farkon shekarun 1950, ba ta sake shi ba. Da Amurkawa suka koma nazarin sirrin Toyota shekaru da yawa bayan haka, sai suka tarar da katinsu a aljihun masu kula da ma'aikatan Japan. Tsarin bai dace da kowane aiki ba. Ya fi ƙarfi a aikin hannu da ake maimaitawa, ba ya kuma koya wa mutum yanke shawara. Amma a inda ya dace, yau har wasu asibitocin Amurka suna rubuta irin wannan takarda don koya wa ma'aikatan jinya wanke hannu daidai, mataki bayan mataki, da laƙanin kowanne da dalilinsa.