Zumunta a Ƙafa Ta Ke: Ra'ayi a Kan Littafin Baba ta Karo

Duk wanda ya iya karatun boko, ko tun yana yaro ya koya, ko kuwa da girmansa a ajin Yaƙi da Jahilci, ya san littattafan hira na farko da aka buga a ƙasar nan. A cikin 1933 Ofishin Talifi na Zariya, wanda Rupert East ke shugabanta, ya nemi malamai su ƙago labaru da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Littattafai ne masu daɗi, ba mai musun wannan. Amma in ka lura, ya kai mai karatu, za ka ga yawancinsu labarin wanda ya bar gida ne. Alhaji Imam ya tafi neman ruwa, Ganɗoki ya tafi yaƙi har ya kai ga aljannu, Umar kuwa sace shi aka yi tun yana ƙarami. Gida ba ya fitowa sai ran tashi da ran komowa. Matar da ta kwana tana jijjiga jariri, da angon da ke lissafin hatsin rumbu ko zai kai su kaka, da amaryar da ke ƙirga kwanakin zuwa ganin gida, duk ba su sami shiga sosai ba.

Akwai wani littafi guda da ya tsaya daidai inda waɗannan suka wuce, shi ne Baba ta Karo. Wata tsohuwa ce, asalin iyayenta Barebari, ta tashi a Karo kusa da Zarewa cikin ƙasar Kano, ta ƙare kwanakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau. Can ta haɗu da wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta zo tare da mijinta M. G. Smith, mai binciken sarauta da tattalin arzikin Zazzau. Shi mijin iyakarsa zaure, gama baƙo namiji ba ya wuce nan. Ita kuwa matar ta shiga har cikin gida. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Baba ta riƙa ba ta labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa da Hausa, daga baya ta juya shi Turanci. Baba ta rasu cikin 1951, aka buga littafin a Landan cikin 1954, aka kuma sake buga shi a Amurka cikin 1981. Ga wanda ke zaune a Furfuri ko Bunguɗu, Giwa ba nesa ba ce: hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi Tsafe da Funtuwa, ita ce ta ratsa Giwa kafin ta shiga Zariya.

Abu na fari da ya kamata a yaba wa littafin nan shi ne gaskiyar da ya faɗa game da auren ƙuruciya. Baba ba ta ce auren fari zuma ne zalla ba, ba ta kuwa mai da shi kurkuku ba. An ba da ita ga Duma, ɗan'uwanta, auren zumunci, ta yarda don ta faranta wa mahaifinta rai, alhali kuwa zuciyarta na wajen Malam Maigari. Ta zauna 'yan shekaru, sa'an nan ta fita, ta yi idda, ta auri wanda ta ke so. Bayansa ta auri Malam Hasan, da ya rasu kuma ta yi auren takalmi da Ibrahim. Duk cikin aure huɗun nan Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ɗakinta bai rabu da yara ba, saboda riƙo. Marubucin da ke neman burge mutane da ya cika wannan wuri da kuka da tsinuwa. Ita kuwa ta ba da labarin yadda a ke ba da labarin damina, watau ga yadda ruwa ya zo, ga abin da aka shuka, ga abin da ya yi. Wannan sanyin baki shi ya sa mai karatu ya ke yarda da ita.

Abu na biyu shi ne ta nuna cewa gidan sababbin aure ba na mutum biyu ba ne. Saurayi ya kawo amarya cikin gandun ubansa, ita kuwa ta tarad da uwar miji da matan wa da ƙannen miji, kowa da irin gaisuwar da ta dace da shi, da wanda za a yi wa kunya, da wanda za a yi wasa da shi. Baba ta bayyana kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, har sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗaukarsa bayan yaye. Ta bayyana ƙawance tsakanin mata, da biki, watau gudummawar da mace ke kai wa 'yar'uwarta ran suna ko ran aure, ita ma a rama mata da ƙari ran nata. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ce mata ba su da aiki sai yawon gidaje. Amma wanda ya karanta da hankali zai gane wannan zirga-zirga ita ce asusunsu. Kwaryar hatsi da aka kai yau, da 'yan kuɗin da aka ƙulle a bakin zane, ajiya ce wadda ba a rubuta ta a takarda ba, ba kuwa wadda ta ke mantawa.

Mu ma nan ƙasar Zamfara haka mu ke. In amarya ta sami cikin fari, a kan mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. In ta sauka, ran bakwai a yanka rago, wanzami ya yi aski, dangin uwa da na uba su taru. In ta yi arba'in sai ta ɗauki jariri ta shiga yawon arba'in, gida gida, ƙauye ƙauye, a ga yaro a sa masa albarka, a ba shi 'yar kaza ko sabulu. Ba don kazar a ke tafiya ba. A wannan yawo ne a ke shigad da sabon mutum cikin dangi, kowa ya san nasa ne, yana kuma da hakki a kansa. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa ta ke.

Abu na uku, wanda ya fi taɓa mu yau, shi ne labarin hanya. Baba ta tashi a zamanin hare-hare, kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Ta ba da labarin yadda mayaƙan Mai Sudan da waɗansu mahara su kan faɗa wa ƙauyuka, su kwashe mata da yara, har da na danginta, da yadda 'yan'uwa su kan bi sawu, su tara wuri, su je fansa. Shekarun baya mai karatu ya kan ɗauki wannan babi kamar tatsuniya, abin da ya wuce ba zai komo ba. Yau ba wanda zai karanta shi a Bunguɗu ko Tsafe ko Maru bai ajiye littafin ya yi shiru ba. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka fara addabar ƙauyukan Zamfara, satar shanu ta koma satar mutane. Cikin Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Cikin Satumba 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar, aka kuma hana cin kasuwannin mako. Kafin nan samari da yawa sun riga sun mai da zumunci cikin waya, a buga a gaisa, a ce ya wadatar. Da aka wayi gari ba hanya ba waya, sai wanda ya tsallaka wata jiha ne ya ke jin muryar nasa, sa'an nan aka tuna abin da tsofaffi ke faɗi.

Ga darasin da ke cikin wannan babi. Ran da aka kama mutum, ba baƙo ke sayad da gonarsa ko sansa don a karɓo shi ba. Kawu ne da baffa da suruki da ƙawar uwa, watau mutanen nan da aka yi ta kai wa gaisuwar Salla da ta'aziyya da barka shekara da shekaru. Baba ba ta tsaya ta yi wa'azi a kan wannan ba, ta dai jera labarin biki kusa da labarin fansa, mai hankali ya haɗa da kansa. A ganina nan ne littafin ya fi ƙarfi.

To, amma kowane allazi da nasa amanu, littafin yana da aibu, ya kuwa kamata a faɗe su. Na fari, da Hausa aka faɗi labarin, amma da Turanci ya fara fita, a wata ƙasa, don waɗansu mutane. Sai bayan shekaru masu yawa aka buga Hausarsa, ita ma ba ta yaɗu cikin kasuwanninmu yadda Magana Jari Ce ya yaɗu ba. Ashe an ɗebi ruwa a rijiyarmu an kai wa na nesa, masu rijiya na jin ƙishi. Har wa yau, mai tambaya shi ke jan akalar mai amsa. Akwai wuraren da za ka ji Baba na bayyana abin da kowace yarinya 'yar shekara bakwai ta sani, don baƙuwa ce ke saurare. Da jikanyarta ce ke tambaya, da waɗansu abubuwan aka tsallake, waɗansu kuma aka zurfafa.

Na biyu, ido ɗaya ne ya ga abin. Mun ji yadda amarya ta ke ji, amma ba mu ji na ango sosai ba: yaron da ke noma gandun uba da safe, ya yi gayaunarsa da yamma, yana tsakanin uwarsa da matarsa, kowace na jiran ta ga inda zai karkata, ga haraji, ga kayan Salla, ga tsarabar surukai. Wannan ba laifin Baba ba ne, abin da ta sani ta faɗa. Amma kada mai karatu ya ɗauka ya ga gida duka, ɗaki guda ya shiga.

Na uku ya fi nauyi. Iyayen Baba masu rinji ne, suna da bayi. Ta ba da labarinsu ba da ƙiyayya ba, amma daga bakin ƙofar ubangiji ta hango su. Su ma suna da amare da jarirai, suna kuma da dangi a wata ƙasa waɗanda ba su da ikon zuwa gani har abada. Littafin da ya nuna mana darajar ziyara bai tsaya a kan waɗanda aka raba da ita ba. Nan Shaihu Umar ya fi shi, gama Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi uwar Umar cikin wahalarta ta neman ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta.

Na huɗu gargaɗi ne ga mai karatu. Abin da tsohuwa ta ce ana yi, ba lalle ne ya zama abin da ya kamata a yi ba. Ta ba da labarin wankan jego yadda ta gan shi. Amma cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun bincika ciwon zuciya da kumburi da ke kama mata bayan haihuwa, suka ga yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa da zafin da a ke gasa mai jego da shi. Saboda haka a ɗauki kulawar da dangi ke yi wa mai jego kwana arba'in, gama abu ne mai kyau ƙwarai, a rage kanwa da wuta, in an ga ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi sama a nufi asibiti. Haka kuma aurad da yarinya ga wanda ba ta so, labarin Baba kansa ya isa shaida cewa ba ya daɗewa.

Duk da waɗannan, in aka auna, alherin littafin ya rinjayi aibunsa nesa ba kusa ba. Sai dai al'adun Kano da Zazzau ne a ciki. Namu na Zamfara sun yi kama da su, amma ba ɗaya ba ne, ko a kalmomi ko a waƙoƙin daka ko a tsarin kayan aure. Ga shi kuwa ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun taru a Gusau da sauran garuruwa, yara na tashi ba su san hanyar garin kakanninsu ba. Tsofaffin da suka san wa ya haifi wa, da wane gida ke da hakki a kan wane, kullum raguwa su ke yi.

Saboda haka, ya ku waɗanda suka karɓi takardar shaidar Yaƙi da Jahilci, ga aiki ya same ku. Ba a koya muku rubutu don wasiƙa da rasit kaɗai ba. Mary Smith ta ƙetaro teku kafin ta sami Baba, ku kuwa taku Babar tana ɗakin da ke kusa da naku. Ku sayi littafin rubutu, ku zauna gabanta bayan la'asar, ku ce, "Inna, yaya aka kai ki ɗaki? Wa ya riƙe ɗanki na fari? Ina da ina kika je yawon arba'in?" Ku rubuta yadda ta faɗa, da irin Hausarta, kada ku gyara mata baki. Ku tambayi tsoho shi ma, don a ji ɗaya gefen. In hanya ta yi kyau, ku ɗauki iyali ku kai su garuruwan da ta ambata, ku gaida waɗanda suka rage.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyin zumunci. Amin.