Jinjina ga Marubutan Hausa Kirista

Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya jagoranta, Kiristocin ƙasar Hausa ke rubutu da harshensu. Sun wadata mu da waƙoƙi da wa'azi. Ƙagaggen labari ne ya yi ƙaranci, shi ya sa nake jinjina wa 'yan kaɗan da suka riƙe alƙalaminsa.

Abin da nake ɗoki shi ne labarin da zai zauna a rai yadda Ruwan Bagaja ya zauna. Wa'azi tsantsa ba ya yin haka. A ba mu labarin manomi a Tsibirin Gobir, mai bashi, mai shakka, wanda ke zuwa sujada ran Lahadi, ɗan'uwansa kuma yana masallaci ran Juma'a. Ko a Isa da Sabon Birni za a karanta shi.