Mestre Aemon: yariman da aka ajiye cikin littattafai

Tun shekarar da na shigo fak nake da wata ɗabi'a da ba na alfahari da ita. Duk ranar da aka kira babban taron ɗalibai kan maganar bursi ko cunkoson amfi, ni sai in kwashi takarduna in nufi ɗakin karatu. Wata rana abokin kwanana, ɗan Tawa, ya tare ni bakin ƙofa ya ce: "Kai dai kullum karatu, awa kai ɗai ka zo biɗar ilimi. Mu mu sha rana, mu sha barkonon tsohuwa, in kuɗɗin sun hito kai ka fara shiga layi." Na yi dariya na ce masa ni Mestre Aemon ne, sarauta ma an ba ni na ƙi karɓa.

Amsar ta yi mani daɗi a lokacin, don a fim kaɗai na san mutumin. Ina nufin Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019, mu kuma muka kalle shi yana yawo daga salula zuwa salula. Tsoho makaho mai sanyin murya, wanda Peter Vaughan ya fito a matsayinsa. Da hutu ya zo na zauna da littattafan George R. R. Martin cikin tarjamar Faransanci, Le Trône de fer, sai na gane ashe na daɗe ina laɓewa bayan mutumin da ban fahimta ba.

Ga wanda bai san labarin ba: a ƙasar Westeros akwai wata katangar ƙanƙara can ƙarshen arewa, tsawonta sama ya haura mita 200, kuma Masu Gadin Dare ne ke tsaronta. Mafi yawansu ɓarayi ne da masu laifi da ƴaƴan da ba a so, sun yi rantsuwar ba aure, ba gado, ba shiga rigimar sarakuna. Cikinsu akwai mestre guda, wato malamin da ke haɗa aikin likita da na magatakarda da kula da hankakin da ke kai wasiƙu. Sai can cikin littafi na farko, wanda ya fito a 1996, tsohon yake gaya wa Jon Snow, suna cikin ba hankaki nama, cewa shi ɗan sarki ne, ɗan'uwan sarki, jinin gidan Targaryen da aka kifar. Daga nan masu kallo suka ɗauke shi waliyyi: ga mulki, ga littafi, ya zaɓi littafi.

To, wa ya yi zaɓin? Wannan ce tambayar da fim ya tsallake. A littafi na biyu shugaban masu gadi, Jeor Mormont, ya warware wa Jon zancen. Aemon shi ne ɗa na uku ga Maekar, Maekar kuma ɗa na huɗu ga sarki Daeron na Biyu. Yaro ne mai kaifin kai, amma takobi ba ya yi masa biyayya. Kakansa ya duba ya ga magada sun yi yawa a gidan, kuma ya san yawan magada shi ke kawo yaƙin basasa, sai ya tura shi Sitadel, babbar makarantar malamai da ke birnin Oldtown, yana ɗan shekara 9 ko 10. Wanda ya gama karatu a can ya rataya sarƙar ƙarafa a wuya, sai ya ajiye sunan gidansu. Ku lura da wannan, ƴan'uwa. An cire wa yaro sunan ubansa ne don kada wata rana wani ya ɗaga tuta da shi. Makarantar ta zama ma'ajiya, irin wadda ake sa wuƙa a ciki don kada yara su yanke. Cewa ya so karatun daga baya gaskiya ne, amma ƙaunar ta tsiro ne cikin kejin da siyasa ta ƙera masa.

Sau biyu mulki ya dawo nemansa. Da ubansa ya hau gado ya kira shi majalisa, ya ƙi, wai kada ya ture babban malamin fada daga matsayinsa. Sannan yayyensa biyu suka mutu, ɗaya mashayi, ɗaya mahaukacin da ya sha ruwan wuta don yana zaton zai rikiɗe ya zama dodo. Uban ya faɗi a fagen yaƙi. A shekara ta 233 ta lissafin labarin manyan ƙasa suka taru, suka yi wa Aemon tayin sarauta a asirce, har babban limaminsu ya ce zai warware masa rantsuwa. Ya ƙi. Aka naɗa ƙanensa Aegon, wanda yake kira Egg. Shi kuwa ya tattara ya tafi Katanga, don ya san duk wanda ya ji haushin sabon sarki zai zo ya raɓe da shi.

Ba na musun akwai girma a nan. Mutum ya kai kansa ƙarshen duniya don kada a yi amfani da shi a cuci ƙanensa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke damuna shi ne abin da ya biyo baya, wanda Martin ya watsa nan da can bai tara mana wuri guda ba. Egg sarki ne da ya taso cikin talakawa, ya so ya rage wa manya ƙarfi, manya suka yi masa taron dangi. Ya shekara 26 yana fama, ƴaƴansa suna ɓata masa auren siyasar da ya ƙulla, har ya koma mafarkin ƙyanƙyashe ƙwan dodo don ya samu abin da zai tsorata su da shi, ya ƙone a gobarar Summerhall a 259. Duk tsawon wannan lokaci mutum guda da ya fi kowa hankali a gidan, wanda ba ya kwaɗayin kujerarsa, yana can yana wa masu gadi maganin sanyi. Hannun Aemon ya fita tsaf, amma wani ne ya biya kuɗin sabulun.

Don adalci, Martin ya nuna ɗaya fuskar ma. Baffan Aemon, Aerys na Farko, shi ya karɓi sarautar amma ya kulle kansa da tsofaffin takardun duba, ya bar wa wazirinsa ƙasa ana fari ana fashin teku. Ke nan marubucin bai ce malami ya hau gado shi ne magani ba.

Abin da ya fi ba ni dariya kuwa, mutumin da nake kafa hujja da shi don gudun taro bai taɓa barin siyasa ba. Wasiƙun neman agaji da suka tashi daga ɗakin hankakinsa su suka jawo Stannis da rundunarsa zuwa Katanga. Lokacin zaɓen sabon shugaban masu gadi, Samwell Tarly ya je ya roƙe shi ya sa baki kada mugu ya ci. Tsohon ya ce shi mestre ne, bai dace a gan shi yana goyon bayan wani ba. Amma ya faɗi maganar ta yadda Sam zai ji cewa shi wannan doka ba ta hau kansa ba. Sam ya fita ya yi wa manyan ƴan takara biyu ƙarya, kowanne ya tsorata shi da ɗan'uwansa, Jon Snow ya zama shugaba na 998. Fim ya sauƙaƙa abin, ya sa Aemon ya jefa ƙuri'ar raba gardama a bainar jama'a. Na littafin ya fi kama da dattawan da muka sani, waɗanda ba sa cewa komai a zaure amma kowa ya san daga ɗakin wa magana ta fito. Kuma jinin da aka so a ɓoye bai ɓoyu ba. Bayan shekara 67 a Katanga, dole Jon ya fitar da shi cikin jirgin ruwa, don matsafiyar Stannis tana neman jinin sarauta ta ƙona.

Yanzu bari in zo inda ya shafi abin da nake karantawa, don a nan ne nake ganin Martin ya yi abin kirki kuma ya yi tuntuɓe lokaci guda.

An yi ta gaya mana Aemon masani ne, amma sau nawa muka gan shi yana aikin sani? Kaɗan ƙwarai. Mafi kyau shi ne ranar da Stannis ya zare takobinsa mai walƙiya, wanda ake cewa shi ne alamar gwarzon da aka yi alkawarin zuwansa. Masu ido duk haske ya ɗauke masu hankali. Makaho ya ce Sam ya kwatanta masa, sannan ya lura da abu guda: takobin ba ya fitar da zafi. Wallahi wannan ɗan wuri ya fi mani shafi ɗari na yaƙi. Haka malaminmu na ilimin furuci ke cewa mu rufe ido in za mu saurari tsawon wasali, don rubutu yana ruɗin kunne.

Na biyun yana cikin littafi na huɗu, na 2005. Aemon yana kwance cikin zazzaɓi, ya ji labarin wata yarinya ƴar gidansu, Daenerys, da dodanninta uku a gabas. Nan take ya gane shi da Rhaegar, wanda suka yi ta musayar wasiƙu kan tsohon alkawarin nan, sun ɓata shekaru suna neman ɗa namiji a banza. Kuskuren, in ji shi, daga tarjama ya shigo: an fassara kalmar da "yarima", alhali tana iya zama gimbiya.

Wannan matsala mu a Nijar kullum muna cikinta. Zabarmanci ba ya raba mace da namiji a wakilin suna, "a" kawai ake cewa ga kowa. Hausa kuwa ba ta barin ka ka tsere: ko "zai zo" ko "za ta zo", ko "kai" ko "ke". Shi ya sa a Yamai za ka ji Bazabarme yana Hausa ya ce wa mace "ya tafi", yara na dariya, alhali harshensa ne bai tilasta masa wannan zaɓi ba. Ɗauka wani boka ya yi duba da Zabarmanci cewa mai ceto na tafe, aka ba Bahaushe ya fassara. Dole ya zaɓi jinsi, kuma kun san wanda zai zaɓa, tunda maganar sarauta ake. Bayan ƙarni goma ba wanda zai tuna an taɓa yin zaɓi. Harshe ya buɗe ƙofa biyu, al'adar mai fassara ta rufe guda. Cewa makomar duniya guda ta rataya a kan irin wannan ɗan abu, ni dai ya burge ni.

Tuntuɓen shi ne hujjar da Martin ya sa a bakin tsohon. Wai dodanni ba maza ba ne ba mata ba ne, suna sauyawa, don haka kalmar ma haka take. Duk wanda ya yi wata uku a ajin nahawu ya san jinsin kalma daban, jinsin halitta daban. A Hausa rana mace ce wata namiji, a Faransanci akasin haka, kuma ba wanda ya taɓa hawa sama ya duba. Ana iya kare marubucin a ce ai mai zazzaɓi ne ke magana, kuma na yarda rabi. Sauran rabin, Martin ba Tolkien ba ne, bai gina harshen ba, kalmomi ƴan kaɗan ya ƙirƙira. Sai da masanin harshe David J. Peterson ya zo ya gina wa fim Valyrianci na sosai, mai rukunin suna huɗu da aka danganta da wata da rana da ƙasa da ruwa, ba ruwansu da mace ko namiji, sannan maganar ta tsaya da ƙafafunta. A kashi na bakwai na fim Missandei, wadda tafinta ce, ita ta gyara fassarar a gaban sarauniya cikin jimla biyu. Ya fi tsabta. Amma an ƙwace wa Aemon abu guda da ya gano da kansa, don a fim ya riga ya mutu kan gadonsa a Katanga tun kashi na biyar.

Kuma ku dubi lokacin da ganowar ta zo masa. Yana da shekara 102, makaho, ba mai saurarensa sai almajiri guda mai tsoro. Yana kuka yana cewa da zai iya da ya tafi wajen yarinyar ya ba ta shawara. Wato mutumin da ya ƙi zama kusa da ubansa, ya ƙi zama kusa da ƙanensa, a ƙarshe burinsa ya kai ga kunnen mai mulki, ƙafa kuwa ta ƙi. Da Sam ya isa Sitadel da saƙon, wani babban malami mai suna Marwyn ya ce masa ya yi shiru da bakinsa in yana son ransa, ya kuma tambaye shi dalilin da ya sa aka bar masani kamar Aemon ya tsufa a Katanga ba a ɗaga shi cikin manyan malamai ba. Amsar ita ce jininsa: malaman ba su yarda da shi ba. Ashe ita ma makarantar tana da tata fadar da nata ƴan kanzagi.

Na ba abokin nawa littafin na huɗu, ya karanta rabi ya maido, wai surutu ya yi yawa, ba a kashe kowa. Taron da aka yi bayan hutu na je, na tsaya can baya kusa da ƙofa, ban ce uffan ba, kuma har yanzu ban tabbata zuwan nawa ya ƙara wa kowa komai ba. Na dai daina kiran sunan tsohon in ana zolayata.

Ƴan gidan Targaryen ƙona gawarsu ake yi. Aemon ya cika a tsakiyar teku, masu jirgi kuwa ba sa yarda a hura wuta bisa katako, sai suka sa shi cikin gangar giya don kada ya lalace kafin a kai tudu.