Tulun Kaka da Waƙar Zumunta

Ran da muka yi zaman makokin kakata a Badarawa, wani saurayi mai kaɗa kibod a coci ya ce mini, cikin ladabi dai, waƙoƙin Zumuntar Mata sun sha zamaninsu: baiti ɗaya a yi ta nanatawa har a gaji. Ban tanka ba, wurin ba na gardama ba ne. Kaka ta fi shekara talatin tana ba da waƙa a zumunta, tulu a gabanta, guntun soso a hannunta, ba ta san ko baƙi ɗaya na rubutun kiɗa ba. Yau zan ba shi amsarsa.

Tarihin waƙar coci da Hausa sananne ne. 'Yan mishan na SIM sun iso a 1893, na SUM a 1904, wani ɗan mishan, Dokta Miller, ya zauna Zariya kafin a koma Wusasa, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Hausa ta zama harshen sujada ga Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi, aka haɗa su da Littafin Waƙoƙi, wanda akasarinsa fassara ce a kan karin da aka rera wa Turanci a Ingila da Amurka.

To, nan gizo ke saƙa. Hausa tana auna tsawon wasali, tana kuma kula da hawa da saukar murya. Ja gaɓar farko ta "gari", sai birni ya koma abin tuƙa tuwo. Ɗaga farkon "wuya" ka sauke ƙarshenta, sai wahala ta koma wurin rataya sarƙa. Karin da aka ɗinka wa Turanci bai san da wannan ba, yana jan inda ya ga dama. Mun saba da shi ne kawai, ni ma ina son wasu daga ciki, amma kunne ya san an matsa wa kalma.

Kaka ta bayan gida take ɓullo wa abin. Za ta ji aya ranar Lahadi, ta dawo tana maimaita ta a baki tana tsintar shinkafa, yau da gobe, har tashin maganar da faɗuwarta su zama karin waƙar. Ran Alhamis ta kai wa mata. Amshin gajere ne, kalma huɗu ko biyar, wanda mai goyo za ta kama tun a zagaye na biyu. Nanatawar da saurayin nan ya raina, ita ce turken da ke sakar wa mai ba da waƙa mara. 'Yan amshi na riƙe da wuri, ita kuwa tana yawo: ta sako mai jinya a asibiti, ta sako tsadar masara, ta yi wa mai latti habaici a fashe da dariya, ta koma kan ayar. Ba ta jiran amshi ya mutu, tana faɗawa ne a kan wutsiyarsa, shi ya sa ba ka jin gaɓa. Soso ya sauka a bakin tulu ya ba da gum, caki ya cike tsakani. Kibod ba ya iya bin wannan, domin Kaka kan ɗaga murya in abin ya taɓa ta, mata su bi ta, na'ura ta tsaya inda aka saita ta.

Masu cewa Hausar waƙoƙin gurguwa ce, ana sa "ya" a gurbin "ta", su yi ta gyara nahawu. Abin da na daɗe ina faɗa shi ne, waɗannan waƙoƙin baka ne na Hausa, uwarsu ɗaya da waƙar daka da ta gaɗa. Wanda ya saurari Barmani Choge da 'yan amshinta a kan ƙwarya ya san tsarin nan sarai. Ana ta rubuta kundi a jami'o'i kan Shata da Ɗan Maraya, na zumunta kuwa an bar wa sashen addini, kamar ba adabi ba ne.

Bayan rikicin 2000 da na 2002 gidaje da yawa suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi, zumuntar su Kaka ta ragu, Kaka ta ƙi tashi. Wata Hajiya maƙwabciyarta ta zo mana ta'aziyya daidai lokacin da mata suka tayar da ɗaya daga cikin waƙoƙinta. Ta zauna a bakin tabarma tana kaɗa kai, can ta raɗa mini cewa da irin wannan karin uwarta ke niƙa gero a Soba.