Karatun Gindin Kwanso: Ilimin da Bai Kamata Kaduna ta Raina Ba

Masu cewa duba gindin kwanson harsashi wasan 'yan Amurka ne, na waɗanda ke tsince kwanso su sake ɗura masa albarushi a gida, sun faɗi rabin gaskiya. A can sana'ar ta bunƙasa, kuma a nan Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa kowa ƙera harsashi a ɗakinsa ba. Amma idon da maɗuran suka horar shi ne abin da nake karewa, kuma duk Najeriya babu garin da ya fi Kaduna haƙƙin mallakarsa.

Tarihin gajere ne. A 1964 aka kafa DICON, hukumar ƙera makaman sojan Najeriya, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina mata masana'anta a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Daga nan harsasai masu awon milimita 7.62 da 9 suka riƙa fitowa da haruffan OFN a gindinsu. A 2023 aka yi wa hukumar sabuwar doka.

Karatun daga rubutun gindi yake farawa. Kwanson kasuwa talla yake yi. Za ka ga sunan kamfani, kamar Winchester, da sunan awon da mai saye ya sani, kamar .308. Na soja ba ruwansa da mai saye. Abin da ke jikinsa alamar masana'anta ce da lambobi biyu na shekara, don in kaya ya ɓaci a san daga inda ya fito. LC na nufin Lake City ta jihar Misuri. Gicciye a cikin da'ira na nuna an bi awon NATO. Rasha da Sin lamba suke bugawa a madadin suna: 539 ta Tula ce, 61 da 71 na Sin ne.

Gwani ba ya tsayawa a rubutu, kuma nan ne karatun ya fi burge ni. Yakan dubi tsakiyar gindin, wurin ɗan ƙyastun da allurar bindiga ke bugawa. A na soja an datse bakin ramin, ko da zobe ko da ɗigo uku, don kada ƙyastun ya fice ya cushe bindiga mai sarrafa kanta. Sau da yawa an zagaye shi da jan fenti ko kore don kada danshi ya shiga. Sai wuyan kwanson: akan gasa shi da wuta don ya yi laushi, gashin kuma yakan bar shuɗi-shuɗi. Ɗan kasuwa na goge wannan launi don kaya ya yi ƙyalli, soja kuwa ya fi son a bar shi ya zama shaidar an yi aikin. Daga nan a leƙa ciki. Huda ɗaya a tsakiya tsarin Boxer ne, ƙananan huda biyu na Berdan ne. Ƙarshe a kawo maganaɗisu. Tagullar kwanso jan ƙarfe ce kashi 70 da tutiya kashi 30, ba ta kamawa. Yawancin kwanson AK-47 na Rasha da Sin baƙin ƙarfe ne da aka shafe, nan take yake mannewa.

Maɗuran ba don kwalliya suka koyi wannan ba. Kwanson soja na 7.62 mai awon NATO ya fi na .308 kaurin bango, cikinsa ya fi matsewa, don haka albarushi iri ɗaya ya fi yin ƙarfi a cikinsa, har ya iya illata mai harbi. Wanda ransa ke rataye da bambanci ba ya yin karatun ganin dama.

Akwai kuma masu tsintar kwanso bayan hari, su ga OFN, su ce sojoji ne suka yi harbin. Wannan gaggawa ce. Tambari na faɗin inda aka ƙera da shekarar, ba ya faɗin hannun da ya ja kunama. Harsashi na fita ta sata, ta kwace a fagen daga, ta cin amanar mai tsaron rumbu. Masu cewa tunda haka ne karatun banza ne, su ma sun kauce. Rahoton da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman rikicin manoma da makiyaya a Kaduna, Katsina da Zamfara, da irin wannan bin alamomi ya tsayu. Kwanso ɗaya ba hujja ba ne, amma tambari guda na shekara guda da ya bayyana a ƙauyuka da yawa ya nuna hanyar da za a bi.

Don haka ra'ayina bai sauya ba. A koya wa kowane ɗan sanda mai bincike wannan karatu, a riƙa ɗaukar hoton gindin kowane kwanso kafin 'yan gwangwan su kai shi narka. Ya kamata kuma masana'antar Kakuri ta ƙara lambar rukuni a kan tambarinta, yadda kowane harsashi zai nuna rundunar da aka damƙa wa. Mutanen Birnin Gwari da Kajuru sun cancanci sanin daga wane rumbu harsashin da ya kashe 'yan'uwansu ya fito.