Wa Ke Raɗa wa Waƙa Suna?

A ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya har Dogon Dutsi da Tibiri, waƙa ta daɗe tana yawo ba tare da sunan da mai ita ya raɗa mata ba, domin masu saurare ne ke ciro suna daga amshi, wato layin da ƴan amshi ke maimaitawa, ko daga sunan wanda aka yi wa ita. Ko "Bakandamiya", wadda Narambaɗa da Shata kowannensu ke da tasa, ta zama laƙabin waƙar da mawaƙi ya zuba dukan fasaharsa a ciki.

Kiɗan gita na Abzinawa, wanda Turawa ke sakawa a sahun rok, wato kiɗan gita mai lantarki da ganguna, ya zo da wata al'ada dabam. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato a 2008, waƙoƙin kuma suka bazu ta katin waya, inda kowane mai tura waƙa a kasuwa ke rubuta sunan da ya ga dama. Da kasuwar waje ta buɗe sai suna ya zama haja, har masoya suka shiga muhawara a kan asalinsa. Wanda ya fi jan hankali shi ne "Akounak Tedalat Taha Tazoughai", fim ɗinsa na 2015 da aka ɗauka a Agadas, wanda ya aro tsarinsa daga "Purple Rain" na Prince, mawaƙin Amurka. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, kuma masu fim ɗin sun ce Tamashek, harshen Abzinawa, ba ta da kalma guda ta wannan launi. Abin dariya, Hausa na da shunayya, daga shuni, kuma turkuɗin Kura da Abzinawa ke naɗawa yana sheƙi da kusan launin nan.

Irin wannan muhawara na da amfani matuƙar ta mai da mutum ga harshe, amma takan ɓata idan aka ɗauki suna tamkar mabuɗin waƙa, alhali sau da yawa don mai saye na ƙetare aka zaɓe shi. Saurayin Dogon Kiriya da ya je wurin mai turi ba ya ambaton "Afrique Victime", kundin Mdou Moctar na 2021. Rera masa amshi yake yi, mai turin ya lalubo.