Tsakanin Akwati da Takarda: Nazari Kan Masu Tara Alƙaluman Tawada

A watan Oktoba na 1945 kantin Gimbels da ke birnin New York ya fara sayar da biron kamfanin Reynolds a kan dala goma sha biyu da rabi, jama'a kuwa suka yi cincirindo a ƙofa. Bayan shekara biyar Marcel Bich ya fitar da Bic Cristal a Faransa, farashi ya yi ta sauka har biro ya zama abin da ake ara a manta da mayarwa. Duk mai lissafin kasuwa a lokacin zai ce alƙalami mai shan tawada ya gama yayi, kuma ta fuskar yawan ciniki haka aka yi. Sai dai bai mutu ba. Ya fita daga aljihun akawu da ɗan kasuwa, ya koma hannun waɗansu mutane da suka riƙe shi da so: suna farautarsa a gwanjo da shagunan tsofaffin kaya, suna gyarawa, suna musaya, suna haɗuwa a baje koli irin wanda ake yi duk shekara a kusa da Washington. Tun 2012 ma sun ware Juma'ar farko ta Nuwamba a matsayin ranarsa.

Wannan jama'a ta rabu gida biyu. Akwai masu ajiya, waɗanda burinsu shi ne su sami alƙalamin da bai taɓa ɗanɗana tawada ba, da akwatinsa, da takardar farashinsa manne a jiki. Akwai kuma masu rubutu, waɗanda in suka sayi alƙalami mai shekara tamanin, washegari za ka gan shi a aljihun rigarsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ni ina ganin gaskiya ta fi karkata ga na biyun, kuma hujjata tana cikin yadda aka ƙera abin da kansa.

Alƙalamin tawada yoyo ne da aka yi wa linzami. A ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wata 'yar magudana mai siraran tsagu, tawada na bi ta ciki kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Wahalar ita ce duk ɗigon da ya fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In iska ta gaza shiga, alƙalami ya bushe a tsakiyar kalma. In ta shiga da yawa, ya yi aman tawada a takarda. An daɗe ana neman daidaiton. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa a ƙarni na 10 halifan Faɗimawa al-Mu'izz ya nemi a ƙera masa alƙalami mai riƙe tawadarsa a ciki, wanda ba zai ɓata hannu ko tufa ba, aka kuma ƙera. Wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar irin nasa a Faransa a 1827. Amma magudanar da Lewis Waterman ya yi wa rajista a New York a 1884 ita ce ta sa abin ya karɓu a kasuwa. Labarin da ake yawan bayarwa, wai tawada ce ta malale masa a takardar yarjejeniyar inshora har ya yi asarar ciniki ya fusata ya ƙirƙiro nasa, masu binciken tarihin alƙalami sun daɗe suna ɗaukarsa aikin 'yan talla.

Daga nan gasa ta koma kan yadda za a ɗura tawada ba tare da ɓata yatsu ba, kuma wannan zamanin ne ya fi jan hankalin masu tarawa. Walter Sheaffer na garin Fort Madison ya yi rajistar ɗan maɓalli a gefen alƙalami a 1908, wanda in an ɗaga shi yake matse wata 'yar jakar roba a ciki, in an saki ta zuƙo tawada. Kamfanin Pelikan na Jamus ya zo da fistin mai murɗawa a 1929. Kamfanin Parker ya fitar da Duofold a 1921, ƙato, ja mai ruwan lemo, a kan dala bakwai, a lokacin da kusan kowane alƙalami baƙi ne. A 1952 kamfanin Sheaffer ya yi Snorkel, mai ɗan bututu da ke fitowa daga ƙarƙashin baki ya sha tawada ya koma, don kada a tsoma bakin a kwalba. Duk wanda ya taɓa kwance shi zai gaya maka cewa dabarar ta wuce bukatar, amma wa zai ƙi sha'awar mutanen da suka ɓata wannan basira a kan ɗigon tawada?

Sarkin wannan zamani, a ganina, shi ne Parker 51 na 1941. An lulluɓe bakinsa da hula, ƙarfen kaɗan ne ke leƙowa, don kada ya bushe da wuri. An sayar da miliyoyi, har kamfanin Hero na Shanghai ya kwaikwaye shi a samfurin 616 mai araha. Waɗanda aka yi daga 1948, masu jakar filastik maimakon roba, da yawa daga cikinsu wanki kawai suke bukata su ci gaba da aiki bayan fiye da shekara saba'in. Yawansu ya sa mai ajiya ba ya ɗokinsu sai in launin na da wuyar samu. Mai rubutu kuwa ya san da wuya ya sami abin da ya fi shi a wannan farashi.

A nan ne hujjar masu ajiya take rauni. Suna zaton akwati yana tsayar da lokaci, alhali kayan da aka yi tsofaffin alƙaluma da su ba sa jiran kowa. Jakar robar da ke ciki tana ruɓewa ko an yi rubutu ko ba a yi ba. Ta taurare, ta farfashe, ko ta narke ta danƙare. Tana ruɓewa kuma tana fitar da iskar da ke dafe jikin alƙalamin daga ciki. Koren filastik na seluloyid mai ruwan ganye da Sheaffer da Parker suka yi a shekarun 1920, da yawa daga cikinsa ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa saboda haka. Baƙar roba mai tauri, wadda ake kira ebonait, tana kodewa in ta sha rana ko ta jiƙa. Shi kansa seluloyid wani lokaci yakan fara tsattsagewa ya zama garin gilashi, ba kuma magani. Wanda ya kulle alƙalami shekara talatin yana tsaron darajarsa yana iya buɗewa ya tarar ta tafi. Wanda ke rubutu da shi kuwa dole ya wanke, dole ya lura da sa'ad da maɓalli ya fara tauri, dole ya canja jaka. Amfani ne ke tilasta kulawa.

Saboda haka nake ganin babbar hidimar da wannan al'ada ta yi ita ce raya ilimin gyara. Kamfanonin da suka yi waɗannan alƙaluma sun canja hannu ko sun rufe masana'antunsu na asali. Bic ya sayi Sheaffer a 1997, masana'antar Fort Madison ta rufe a 2008. Da wuya ka sami kamfanin da za ka kai wa alƙalamin 1930 a ce maka ga sashen gyara. Masu sha'awa ne suka gano irin ɗumin da ke sassauta tsohon danƙo ba tare da ya lanƙwasa jiki ba, su suka sa ana ci gaba da yin jakunkunan roba a girma dabam-dabam, su suka rubuta littattafan da ke bayyana yadda ake karanta alamar shekara a jikin Parker. Su ne kuma ke tona asirin alƙalamin da aka harhaɗa, murfi daga nan, baki daga can, aka sayar a matsayin na asali. Kayan da aka yi don a kwance a gyara a mayar, wani irin tunani ne game da dukiya, kuma masu gyara ne ke riƙe da shi yanzu.

Akasin wannan shi ne kasuwar ƙayyadadden adadi. Parker ya buɗe ƙofar a 1965 da wani samfurin 75 da aka yi da azurfar jiragen ruwan Sifaniya da suka nutse a 1715. Kamfanin Montblanc ya mai da abin sana'a daga 1992, da jerin alƙaluma masu ɗauke da sunayen marubuta, na farko Hemingway. Tsohon alƙalami yana tsada ne don zamani ya cinye 'yan'uwansa. Wannan kuwa an tsara ƙarancinsa tun a ofishin talla, an buga masa lamba, an sa shi a akwatin da ya fi shi nauyi. Da yawa daga cikinsu sun yi wa hannu nauyi, an kuma san masu saye ba za su ɗura musu tawada ba don kada farashi ya faɗi. Ba na musun kyawun aikin wasu. Amma abin da ake ciniki a nan kadara ce mai siffar alƙalami, kuma inda suna ya fi aiki daraja, nan jabu ke yawa, shi ya sa Montblanc na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya.

Masu rubutu ma suna da nasu tatsuniyoyin. Ana cewa kada ka ara wa kowa alƙalaminka, wai baki yana sabawa da hannun mai shi. A ƙarshen bakin akwai ɗan ƙwallo na ƙarafa masu tsananin tauri, wanda ake kira iridiyom ko da yake yau galibi haɗin wasu ƙarafan ne, kuma sai an yi shekaru ana rubutu kafin ya ci. Haɗarin aro na gaske shi ne mutumin da ya saba da biro zai danna da ƙarfi ya ware harsunan bakin. Ana kuma cewa bakin zinariya ya fi na ƙarfe santsi. Zinariyar ba ta taɓa takarda. Ɗan ƙwallon nan ne ke taɓawa, santsi kuwa aikin wanda ya goge shi ne. An zaɓi zinariya a da ne domin tawadar wancan zamani tana cin ƙarfe. Abin da tsofaffin bakuna suka fi na yanzu da shi da gaske shi ne laushi: bakin Waterman 52 yana buɗewa in an ɗan danna, layi ya yi kauri, ya rufe ya koma siriri. Zuwan takardar kabon, wadda ke bukatar a danna, yana cikin abin da ya sa aka koma ga baki mai tauri.

Wanda ke son ganin inda sana'ar take da rai a yau, ya dubi Japan. Kamfanin Sailor ya faro a 1911, Pilot a 1918, Platinum a 1919, dukansu kuma suna ƙera bakinsu da kansu. Rubutun Japan mai yawan zane a ɗan wuri ya sa sun ƙware a siririn baki. Ko adon maki-e, inda ake yayyafa garin zinariya a kan ɗanyen fentin itacen urushi, ya samo asali ne daga bukata, domin an fara shafa fentin ne don kare ebonait daga kodewa. A Jamus kuwa yara da yawa har yanzu da alƙalamin tawada suke koyon rubutu, Lamy 2000 da aka fitar a 1966 kuma ana yinsa har gobe da siffarsa ta farko. Ga na Sin da Taiwan da Indiya masu araha, waɗanda suka sa ɗalibi ma zai iya shiga wannan harka. Sau da yawa alƙalamin filastik na 'yan makaranta yakan fi mai tsada sakin tawada daidai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sabon yayi ya kawo nasa cikas. Yanzu tawada ce ake tarawa, ɗaruruwan launuka, wasu da ƙyalli, wasu masu sauya launi in sun bushe. Irin waɗannan ba su dace da tsohon alƙalami mai jakar roba ba, suna toshe magudana, wankinsu kuma wahala. Mutum sai ya tara kwalabe da littattafan rubutu masu tsada, abin da yake rubutawa a ciki bai wuce gwajin launi ba. Wannan ma ajiya ce, ta canja riga ne kawai.

Ga wanda ya tashi a inda ake feƙe alƙalamin gamba ana dama tawada, akwai abu biyu da ya kamata ya sani. Na farko, tawadar allo ta gawayi da ƙaro ba ta shiga wannan alƙalami. Ƙaron zai bushe a cikin tsagun magudana ya toshe su, wani lokaci ba gyara. Sai tawadar kwalba da aka yi dominsa. Na biyu, a cikin irin wasa baki da gwanaye ke yi akwai wanda ke ba da layin kwance mai kauri da layin tsaye siriri, akasin wanda ake yi don rubutun boko, kuma masu sana'ar suna danganta shi da rubutun Larabci da Ibraniyanci. Mai rubuta ajami zai ji ya fi zauna masa a hannu. Yanayi ma yana da nasa hukunci: zafin rana yana kumbura iskar da ke cikin alƙalamin da tawadarsa ta yi ƙasa har ya ɗiga, busasshiyar iskar hunturu kuma tana busar da baki in an bar shi a buɗe. Murfi mai rufewa gam, da wanki da ruwan sanyi duk sa'ad da za a canja tawada, sun isa magance mafi yawan wannan.